Yadda Ake Haɗa Baƙuwar Bishiya da Abokan Saiwarta Don Farfaɗo da Matacciyar Ƙasa

Duk wanda ya taɓa cirar gyaɗa ko wake ya san 'yan ƙurajen nan da ke manne a jikin saiwa. Wasu kan ɗauka cuta ce. Ka tsinki guda ka fasa da farce: in cikinsa ja-ja ne kamar ɗanyen nama, to ɗakin aiki ka fasa. Bakteriya ne maƙil a ciki, suna kamo naitirojin daga iska, wato sinadarin nan da muke sayen buhun yuriya dominsa, suna ba shukar, ita kuma tana ciyar da su da sukarin da ganyenta ya haɗa. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma babu tsiron da ke iya cinsa sai ta hannun waɗannan 'yan aike.

Itatuwa ma da nasu abokan. A ƙasa mai rai suna nan jibge, bishiya na sakin saiwa za su same ta. A fako kuwa, inda ruwa da iska suka kwashe ƙasar sama suka bar dandaryar da ko fartanya ba ta kamawa, yawancinsu sun tafi tare da ƙasar. Baƙuwar bishiya wahalarta ninki biyu ce, don iri kaɗai aka ɗauko daga ƙasarsu, abokan saiwar suna can an baro su. A tsibirin Puerto Rico an shafe shekaru ana dasa bishiyar fayin, mai ganye kamar allura, ta ɗan tsiro, ta yi rawaya, ta mutu, taki bai hana ba. A 1955 aka ɗebo ƙasa daga gindin fayin a jihar Karolina ta Arewa a Amurka aka zuba wa wasu 'yan dashe. Waɗanda aka zuba wa suka tashi, na kusa da su da ba a zuba wa ba suka lalace kamar yadda aka saba.

Ni ma na ga irin wannan da idona a shekarar da na fara renon akasiyar Ostireliya. Na cika ledoji da yashin rafi zalla, na riƙa zuba musu ruwan kamfa, suka yi kore shar a rumfa. Da aka kai su fili, kafin kaka rabinsu sun yi fari-fari sun tsaya cak. Na tono ɗaya, saiwar sumul take, ko ƙurji guda babu. Tun daga ranar nake fara aikin dashe daga saiwa. Ga yadda nake bi.

Mataki na farko: karanta filin kafin ka sayi iri

Ka zagaya filin da ƙafa a cikin rani. Fako ne mai ɓawo, ko jigawa ce mai tafiya da iska, ko tsohon ramin haƙar ma'adinai ko na bulo, ko wuri ne mai gishiri da fari-fari a samansa? Sannan ka duba kututture. In akwai kututturen sabara, kalgo, gawo, aduwa ko magarya masu toho, to ka riga ka samu rabin dajinka. Ka zaɓi toho biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi a kowane kututture, ka sare sauran, ka kare su daga dabbobi. Wannan shi ne sassabin zamani da manoman Maraɗi suka fara tare da Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, a 1983, kuma ya fi kowane dashe araha, don saiwar tana nan da abokanta tun fil azal. Baƙuwa ta wurin da babu kututture ce, ko wurin da ake gaggawar tare iska da yashi.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai gaya maka ko ƙasar na da sauran rai. Ɗebo ƙasar filin daga wurare biyar, ka cika ledoji goma. Biyar ka shuka wake, biyar ka shuka irin bishiyar da kake so, in mai yin ƙuraje ce. Kada ka sa taki. Bayan mako shida zuwa takwas ka zazzage su a cikin bokitin ruwa. In waken ya yi ƙuraje bishiyar ba ta yi ba, ƙasar na da bakteriya amma ba irin na baƙuwarka ba ne. In dukansu babu, ƙasar ta yi nisa, sai ka kawo mata komai daga waje.

Mataki na biyu: san bishiyar da wanda take hulɗa da shi

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe.

Abokan saiwa iri huɗu ne suka shafe mu. Na farko raizobiyam, bakteriyar ƙuraje, irin ta gyaɗa da wake. Da ita akasiyoyin Ostireliya suke aiki, wato Acacia colei da Acacia holosericea da Acacia torulosa, da lusina da gilirisidiya da suka zo daga Amurka ta Tsakiya. Namu na gida ma, gawo da bagaruwa da dakwara, da ita suke aiki. A Senegal masu bincike sun samu bakteriyar gawo a zurfin da ya wuce mita 30, can inda saiwarsa ta kai ga ruwa. Sai dai raizobiyam dangi-dangi ce. Ta wake takan kama gawo da akasiyoyin Ostireliya, amma lusina mai zaɓe ce, sau da yawa sai da tata. Kuma ba duk bishiya mai kwanso ke yin ƙuraje ba. Kasiya da ake dasawa a bakin titi da makarantu ba ta yi, haka tsamiya da ɗorawa da kalgo. Kada wani ya sayar maka da kasiya a kan za ta zuba wa ƙasarka naitirojin daga iska.

Na biyu Firankiya, ita ma bakteriya ce mai kamo naitirojin, amma ta kasuwarina ce, bishiyar nan mai ganye kamar gashin doki da ke fito in iska ta kaɗa. Da kasuwarina Senegal ta tare tuddan yashin bakin teku tun daga 1948, a wani zirin daji mai tsawon kusan kilomita 180 tsakanin Dakar da Saint-Louis, wanda ke kare lambunan yankin Niayes. Firankiyar kasuwarina ba kasafai ake samun ta a ƙasar da ba a taɓa dasa bishiyar ba, kuma ba ta yaɗuwa da nisa. In ba ka kai mata ba, da wuya ta samu. Shawarata a nan ita ce kada a kai kasuwarina busasshen fako. Tana jure gishiri da yashi, amma tana son ruwa kusa da saiwarta.

Na uku da na huɗu ba bakteriya ba ne, dangin fumfuna da naman kaza ne, ana ce musu maikoraiza. Ba sa kamo naitirojin. Aikinsu shi ne su saki zare siriri, wanda ya fi gashin saiwa siranta nesa ba kusa ba, ya ratsa ƙasa ya jawo ruwa da fosfaras, wato sinadarin da ke cikin takin sufa, daga inda saiwa ba ta kaiwa. Ƙasashenmu na Sahel kuwa fosfaras ne babban abin da suka rasa, kuma ƙurajen naitirojin ba sa aiki sosai in babu shi, shi ya sa bishiyar da ta samu abokan biyu ta fi wadda ta samu ɗaya. Akwai maikoraiza ta ciki, mai shiga cikin naman saiwa, wadda ido ba ya gani. Ita ce ta gero da dawa da masara da albasa, kuma ita ce ta dogon yaro da magarya da mafi yawan itatuwanmu. Akwai kuma ta waje, mai yi wa bakin saiwa riga, wadda fayin ba ya rayuwa sai da ita, turare da akasiyoyin Ostireliya kuma suna ƙaruwa da ita ƙwarai.

Dogon yaro, wanda asalinsa yankin Indiya ne, aka kawo shi Borno a 1928, ya yi sa'a don abokiyarsa ta ciki ce, ba ta da zaɓe, kuma tana ko'ina. Shi ya sa ya kama kamar ɗan gida, har aka yi layukan tare iska da shi a kwarin Magiya a jihar Tawa tun daga 1975. Amma shi ma a fako tsantsa yana buƙatar a taimaka masa.

Biyu nake jan kunne a kansu. Turare yana shan ruwa sosai, kada a sa shi kusa da rijiya ko fadama ko cikin gona. A tsofaffin filayen haƙar kuza na Jos, bincike ya nuna ya ƙara wa ƙasar tsami bayan shekaru, gawo kuwa ya gyara ta. In itacen gini kake so, ware masa gefe guda. Ta biyun ita ce Prosopis juliflora, baƙuwar 'yar'uwar ƙiryarmu, wadda ake kira miskit a Sudan. An shigo da ita Sudan a 1917, a 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da ita saboda yadda ta cinye gonaki da hanyoyin ruwa. Ta mamaye wurare a bakin tafkin Chadi ma. Tana kama bakteriya cikin sauƙi, dabbobi na yaɗa irinta a kashinsu. Ni ba na renonta, ba na kuma ba kowa shawarar dasa ta.

Don fako a yankin da ruwan sama bai da yawa, akasiyar Ostireliya nake zaɓa a matsayin 'yar share fage. Tana girma da sauri, awaki ba su cika damunta ba, tana zubar da ganye mai rufe ƙasa, tana ba da itacen girki, kuma a ƙauyukan Maraɗi ana soya 'ya'yan Acacia colei a niƙa a gauraya da garin gero.

Mataki na uku: haƙa ramin kiwon maikoraiza

Wannan ne aiki mafi cin lokaci, wata uku yake ɗauka, don haka da shi ake farawa. In kana son shuka a leda a watan Maris ko Afrilu, ka haƙa ramin a Disamba. Ko kuma ka yi shi da damina, ka busar, ka ajiye a buhu a inuwa.

Fara da neman ƙasar iri. Je wurin da ba a nome ba shekaru da yawa, ba a zuba masa takin zamani ko maganin feshi ba: gindin tsohon gawo, ƙarƙashin sabara ko kalgo a daji, bakin shingen da ciyawa ta daɗe. Share busasshen ganyen sama, ka tona zurfin taƙi ɗaya, wajen santimita 20, ka ɗebi ƙasar haɗe da ƙananan saiwoyin da ke cikinta. Ɗebi kaɗan-kaɗan daga gindin itatuwa biyar ko fiye, kada ka yashe gindi ɗaya, kuma ka mayar da ganyen ka rufe inda ka tona. Kada ka bar buhun a rana.

Haƙa rami mai tsawon mita ɗaya, faɗi da zurfi rabin mita. Shimfiɗa buhunan leda a ciki, ka huhhuda ƙasansu don ruwa ya wuce. Gauraya ƙasar irin da yashi, rabi da rabi, ka cika ramin. Shuka dawa ko masara ko gero a haɗe da wake, a matse fiye da yadda ake yi a gona, don saiwa kake nema ba hatsi ba. Da hunturu albasa na yin kyau a ciki. Kada ka sa kabeji ko alayyahu, su ba sa hulɗa da maikoraiza sam. Ka riƙa ban-ruwa daidai wa daida. Ba kamfa, ba sufa, ba feshi. In ka ga sun yi rawaya ƙwarai, ɗan ruɓaɓɓen taki kaɗan ya isa. Yunwar fosfaras ce ke sa tsiro ya buɗe wa maikoraiza ƙofa. In ya ƙoshi, sai ya rufe.

Bayan wata uku ka yanke tsiron daga gindi, ka daina ban-ruwa kwana goma zuwa mako biyu. Da fumfunar ta ji mai ciyar da ita ya mutu, sai ta zuba ƙwayayen iri masu jure fari. Sai ka tone ramin, ka daddatsa saiwoyin guntu-guntu kamar tsawon gaɓar yatsa, ka cakuɗa su da ƙasar. Abin da ke gabanka shi ne irin maikoraiza. Ka rage kaɗan don ramin baɗi.

Mataki na huɗu: gyara irin bishiya

Irin akasiya ɓawonsa tauri gare shi. Tafasa ruwa, ka zuba irin a ciki minti ɗaya, ka sauke ka juye a ruwan sanyi, ka bar shi ya kwana. Waɗanda suka kumbura su za ka shuka, waɗanda ba su kumbura ba ka sake musu. Lusina ba ta son tafasasshe, ruwan da aka sauke ya ɗan huce, minti biyu zuwa uku. Kasuwarina da turare ba sa buƙatar komai, irinsu ƙanana ne, a barbaɗa a sama a rufe da yashi kaɗan. Dogon yaro kuwa sabo ake shukawa, in ya yi 'yan makonni a ajiye ba ya tsirowa. Abin kiyayewa ɗaya: ruwan zafi kafin a sa bakteriya, ba bayan an sa ba. Kuma kada a cuɗa irin da garin maganin nan da ake cuɗa irin gero da shi, don yana iya kashe abokan da kake wahalar tarawa.

Mataki na biyar: cika leda, ka haɗa su

Haɗin da nake yi shi ne yashi kashi biyu, ƙasa kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a tankaɗe da rariya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. In ƙasar filin da za ka dasa ba mai gishiri ba ce, ka sa ita a haɗin, don dashen ya saba da ita tun yana ƙarami. Cika leda zuwa kashi biyu cikin uku, ka zuba cikin tafin hannu na irin maikoraiza, ka ƙarasa cikawa, ka shuka iri biyu ko uku a sama. Da saiwa ta fito za ta ratsa ta cikin wannan shimfiɗar. In ka barbaɗa shi a sama, rana ce za ta cinye.

Sai bakteriya. Nemi bishiya irin wadda kake reno, lafiyayya, mai duhun ganye. Tona a hankali a gefen inuwarta inda ƙasa ke da danshi, ka bi ƙananan saiwoyi. Da rani ƙuraje kan bushe, don haka bishiyar da ke kusa da ruwa ko dashen da ake ba ruwa ya fi ba da su. Wasu masu reno kan ajiye 'yan bishiyoyi a kwali a kusurwar lambu musamman don wannan. Ƙurajen akasiya 'yan dogaye ne, wasu masu rassa. Na kasuwarina curi ne mai tauri kamar ƙaramar citta mai yatsu, wani yakan kai dunƙulen hannu. Ɓangaren waje mai haske shi ne mai rai. Ka lura da bambancin ƙurji da kumburin tsutsar saiwa, wadda ke addabar akasiyar Ostireliya kamar yadda take addabar tumatir: ƙurji a gefe yake manne, kana turawa da yatsa zai ɓalle, kumburin tsutsa kuwa saiwar ce kanta ta kumbura. In ka ga irin wannan kumburin, bar gindin nan, ko ƙasarsa kada ka ɗauka.

Wanke ƙurajen, ka fasa kaɗan ka tabbata masu ja ne, ka daka sauran a tsabtataccen turmi ko ka murtsuke su a kwano. Cokali biyu na ƙuraje nake sa wa lita ɗaya ta ruwa. Ruwan rijiya ko na sama ya fi. In na famfo ne mai warin magani, bar shi ya kwana a buɗe. Da yamma, a ranar da ka daka, ka zuba cokali ɗaya ko biyu a gindin kowane tsiro mai mako ɗaya zuwa biyu, ka bi da ban-ruwa kaɗan don ya sauka. Bayan mako biyu ka maimaita. In a jikin iri kake son sawa, jiƙa ƙaro ya yi kauri kaɗan, ka cuɗa irin da shi da dakakkun ƙurajen, ka shanya a inuwa, ka shuka a ranar. In ƙuraje sun gagara samuwa, ƙasar gindin bishiyar ma tana yi: kashi ɗaya cikin goma na haɗin leda.

Wani zai ce ai ana sayar da irin wannan bakteriya a fakiti. Gaskiya ne, cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan tana yin NoduMax, amma na waken suya ne, ba na bishiya ba. In za ka sayi wani, ka karanta sunan shukar da aka yi shi dominta da ranar lalacewarsa, ka kuma tambayi inda aka ajiye shi, don fakitin da ya sha zafin shago gawa ce a ciki.

Maikoraiza ta waje kuma fa? Da damina ka duba gindin tsofaffin turare, musamman a jan tsakuwa da bakin hanya. Za ka ga wani curi mai ruwan ƙasa ya fasa ƙasa ya fito, kamar kashin jaki. Sunansa Pisolithus. In ɗanye ne ka fasa, cikinsa 'yan ɗakuna ne kamar ƙwayar dawa, yana ɓata hannu da baƙin ruwa mai danƙo. In ya nuna, samansa gari ne mai laushi kamar hodar koko, wannan garin shi ne irinsa. Ba a cinsa. Tara nunannun a takarda, ba a leda ba, ka busar a inuwa. Garin ba ya haɗuwa da ruwa, yawo yake a sama, don haka ka cuɗa cokali ɗaya da mudun busasshen yashi, ka gauraya da haɗin baro guda. Ka rufe hanci lokacin da kake yi. Na gindin turare yana kama turare da akasiyar Ostireliya; a Senegal an gwada shi a kan Acacia holosericea, dashen da aka sa wa ya fi girma a fili. Fayin kuwa nasa daban ne, sai ƙasar gindin tsohon fayin, irin na gandun Afaka kusa da Kaduna ko na tsaunin Jos, da izinin masu kula da gandun.

Ƙasa dai tana ɗauke da cuta da irin ciyawa kamar yadda take ɗauke da alheri. Ka ɗebo daga kusa da kai, daga gindi mai lafiya. Kada ka tsallako da ƙasa daga wata ƙasar, doka ma ta hana sai da izinin hukumar killace tsirrai.

Kafin ka tashi, ware ledoji goma da ba ka sa musu komai ba, ka ɗaura musu alama, ka ajiye su nesa kaɗan yadda ruwan sauran ba zai gangaro musu ba. Gani ya kori ji.

Mataki na shida: reno da dubawa

Rumfar zana mai barin rabin rana ta isa a makonnin farko. Baƙar leda na ɗaukar zafi da bazara har ta dafa abin da ke ciki, don haka jera su a matse, ka tare na gefe da ƙasa ko kara. Ban-ruwa safe da yamma, kada ruwa ya kwanta. Bar tsiro ɗaya a kowace leda. Duk mako biyu ko uku ka ɗaga ledojin ka yanke saiwar da ta huda ƙasa. Yuriya kuwa ka manta da ita: bishiyar da ta samu naitirojin a banza ba za ta ciyar da bakteriya ba.

A mako na shida zuwa na takwas ka sadaukar da biyar cikin kowace ɗari. Yaga ledar, ka jiƙa curin a bokiti har ƙasar ta zube da kanta. Ƙurji mai ja a ciki yana aiki. Fari ƙarami ne ko rago, ka sake dubawa bayan mako biyu. Kore ko baƙi ya tsufa. In uku cikin biyar ba su da ƙurji mai ja, sake zuba wa duka, daga wata bishiyar daban. Maikoraiza ta waje za ka gan ta a bakin ƙananan saiwoyi, sun gajarce sun yi kauri, da launin rawaya kamar kurkur in Pisolithus ne, da zare-zare kamar saƙar gizo a jikin leda. Ta ciki ba ta ganuwa sai da madubin ɗakin bincike, a nan ledojin nan goma za su yi maka magana: jera su kusa da sauran ka dubi tsayi, kaurin kara da launin ganye.

Mako biyu kafin dashe ka cire rumfa, ka rage ruwa, su saba da rana.

Mataki na bakwai: tara wa filin ruwa

Duk wannan wahala banza ce in ruwa zai zubo a fako ya wuce. Tun da rani a haƙa rabin-wata, faɗin mita huɗu, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, ƙasar da aka haƙo a yi kunya da ita ta ƙasa, layi-layi a saɓe yadda abin da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa. Hekta ɗaya kan ɗauki kusan 300. A cikin kowanne a haƙa ramin dashe, santimita 40 faɗi da zurfi. Tsakaninsu a yi tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa, a zuba taki cikin hannu ɗaya a kowace. Gara za ta zo cin takin da karmami, ta huhhuda ɓawon ƙasar, ruwa ya samu hanyar shiga.

Mataki na takwas: dashe

Jira damina ta zauna, ramin ya jiƙa har ƙasa, galibi a Yuli. Kada ka kai marka ta wuce. Ba dashen ruwa da safe, ka dasa da yamma. Yanke gindin ledar da reza, ka tsaga gefe, ka zare ta ba tare da curin ya fashe ba, don aikin wata shida yana cikin wannan curin. Wuyan dashen ya yi daidai da bakin ƙasa. Taka gefe-gefe da ƙafa, ka rufe gindin da kara ko busasshiyar ciyawa, ka bar ɗan fili tsakaninsu da karan bishiyar. Kada ka zuba kamfa a ramin. Tattara ledojin ka fita da su, awaki na ci su mutu.

A nan nake roƙon kowa: kada a dasa baƙuwa zalla. Duk akasiya ɗaya, a sa gawo ko dakwara ko bagaruwa ko magarya ko aduwa a rabin-watan da ke kusa, waɗanda su ma aka rena da irin maikoraiza ɗin nan. A watsa irin gamba da sauran ciyawar gida a kan kunya, a shuka wake ko kuɓewa a tassa. Saiwoyinsu ne ke riƙe zaren maikoraiza da rai ya bazu daga rami zuwa rami. Bincike a Senegal ya nuna gandun Acacia holosericea zalla yana sauya irin ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, ya fifita waɗanda suka dace da ita. A Afirka ta Kudu akasiyoyin Ostireliya sun fi ƙarfin masu su, har gwamnati ta kafa shirin sare su a 1995. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, to da wannan niyyar za a shigo da ita.

Mataki na tara: tsaro da shekarun da ke biye

Shekara biyu na farko dabba da wuta ne abokan gaba. Shingen ƙaya a kowane dashe yana yi, amma zama da mai unguwa da makiyaya kafin a fara ya fi shi ƙarko: a bar musu burtali, a yarda su yanki ciyawar filin da lauje bayan ta zubar da iri. A share layin wuta da kaka. Nome gindin dashe taku ɗaya kewaye, sauran ciyawar a bar ta. Kada a ƙone ganyen da ya zuba, kada a share shi, shi ne ƙasar sama ta gobe. Waɗanda suka mutu a maye gurbinsu a damina ta biyu, da 'yan gida in da hali.

Daga shekara ta biyu ko ta uku ka fara yi wa akasiya aski gab da damina, a tsayin ƙirji, ka bar reshe ɗaya ko biyu masu ganye don kada ta mutu. In aka datse sama, wani ɓangare na saiwa da ƙurajensa kan ruɓe a ƙasa, makwabta su samu. Ganyen ka shimfiɗa a gindin gawo da magarya, itacen ka kai gida. Ka riƙa leƙa bayan shinge da bakin kwari. Duk tsiron baƙuwa da ya fita inda ba ka sa shi ba, tuge shi tun yana ƙarami.

Acacia colei ba ta daɗewa, da wuya ta wuce shekara goma. Da ka ga inuwarta ta fara danne 'yan gida, ko samanta ya fara bushewa, sare ta daga gindi ka bar saiwar a ƙasa, layi ɗaya bana, layi ɗaya baɗi, don kada filin ya tsiraita lokaci guda. Kafin ka sare ta ƙarshe, tona gefenta da damina ka tara ƙuraje masu ja, ka ɗebi buhu ɗaya na ƙasar gindinta da na gindin gawon da ke kusa, ka kai ramin kiwo don filin da za ka shiga gaba.